Ɗan Dakon Jenoba da Sunayen da Ba a Rubuta Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Allah ya gafarta Malam, limaminmu. Shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu mata da suka kwana a kan tukwane saboda wannan taro, yayyena da ƙannena na Najeriya da Nijar da zangunan Gana da Kamaru, da ku 'ya'yanmu da ke zaune can baya, barkanmu da haɗuwa. Waɗanda suka taso daga Milano da Nobara tun da asuba, sannunku da hanya.

Shugaba ya ce in yi bayani kan ziyarar da muka kai yara gidan tarihin sinima watan jiya. Na roƙe shi ya ƙara mini lokaci, domin wata tambaya ta biyo ni gida daga wurin, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Kowa a nan Torino ya san Mole Antonelliana, ginin nan mai tsini da ke kan sulallan santi biyu na Italiya, wanda tsawonsa ya kai mita 167 da rabi. Da yawa daga cikinmu mun shekara goma muna wucewa ta gindinsa ba mu taɓa leƙawa ciki ba. Ni ma sai ranar na shiga. A babban zauren akwai jajayen kujeru da ake kishingiɗa a kai ana kallon majigi, ga lif na gilashi yana hawa ta tsakiyar ginin ba bango ba komai. A gefe guda kuma ga wani ƙaton gunki a zaune, ruwan zinare, da fukafukai. Yara ƙanana suka ja da baya, wasu daga cikin iyayenmu mata suka yi a'uzubillahi. Mai yi mana jagora ta ce kwaikwayon gunkin da aka yi wasa da shi ne a wani fim mai suna Cabiria, wanda ake karantawa Kabiriya, da aka yi a wannan gari aka fara nunawa ranar 18 ga Afrilu, 1914. Ana cikin haka sai aka hasko wani yanki na fim ɗin: wani ƙaƙƙarfan mutum, ƙirji a buɗe, an ɗaure shi da sarƙa yana juya dutsen niƙa. 'Yata ta ja mini hannun riga ta ce, "Baba, wannan mutumin baƙi ne ko fari?" Na duba, na sake dubawa, na rasa amsa. Abin da ya sa na yi makonni ina bin labarin ke nan, kuma shi na kawo muku yau.

Allah ya gafarta Malam, na san akwai iyayenmu da ba sa son zancen fim, kuma ina girmama wannan. Maganata a kan ma'aikata ce, mutanen da suka yi gumi a wannan gari da muke gumi a cikinsa.

Labarin fim ɗin a taƙaice. Zamanin yaƙin Rumawa da Kartaj ne, birnin da kufansa ke kusa da Tunis a yau, yaƙin da ya fara a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Dutsen Etna ya yi aman wuta a Sisiliya, wata yarinya mai suna Kabiriya ta ɓace tare da mai renonta, 'yan fashin teku suka kama su suka sayar a Kartaj, aka ware yarinyar za a jefa ta cikin wutar gunki. Wani Barume ɗan leƙen asiri da bawansa Maciste suka ƙwace ta. A tsakani ana nuna Hanibal, sarkin yaƙin Kartaj, yana ƙetara tsaunukan Alfs da giwaye, da yadda aka ƙona jiragen ruwan Rumawa da madubai a Sirakusa. Wajen awa uku ana kallo, babu murya ko ɗaya. Hotuna ne ke motsi, jefi-jefi a hasko rubutu, makaɗa kuma suna zaune a gaban allo suna kaɗawa. Dattawanmu da suka ga majigi a ƙofar fada, mai bayani na tsaye yana faɗin abin da ke faruwa, sun san irin wannan kallo.

To, wa ya yi fim ɗin? Idan ka duba takardun talla na 1914, suna ɗaya za ka gani da manyan baƙaƙe: Gabriele D'Annunzio, marubucin da ya fi kowa suna a Italiya a lokacin. Amma ba shi ya ƙirƙiro labarin ba, ba shi ya tsaya kan aikin ba. Yana zaune a Faransa ma, inda ya koma tun 1910 saboda masu binsa bashi. Wanda ya tsara labarin, ya tara mutane, ya ba da umarni, shi ne Giovanni Pastrone, ɗan yankin Asti, wanda ya koyi lissafin kuɗi da kaɗa goge irin na Turawa, ya shiga kamfanin fim a matsayin ma'aikacin ofis kafin ya zama ƙashin bayan kamfanin Itala Film. A wancan zamani manyan mutane suna ɗaukar sinima wasan 'yan kasuwa da marasa aikin yi. Pastrone ya san in yana son masu hannu da shuni su shigo su zauna, sai ya jingina da sunan da suke girmamawa. Sai ya je ya sayi sunan. Ya biya marubucin lira 50,000, kuɗin da ya kai na yin fim guda sukutum a lokacin, shi kuma ya gyara rubuce-rubucen da ake haskawa, ya raɗa wa mutanen cikin labarin sunaye, ya yarda a ce shi ne mai abin. Gaskiya ɗaya ce, sunayen nan biyu, Kabiriya da Maciste, daga gare shi suka fito, kuma sun zauna. Sai dai mu Hausawa mun daɗe da sanin wannan ciniki: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mai aikin da kansa ne ya ɗauki sunansa ya ajiye a gefe, don aikin ya samu shiga.

In mai kamfani ya ɓoye, ina ga na ƙasa da shi?

Ku ɗauki Segundo de Chomón. Baƙo ne a Torino kamar ni da ku. An haife shi a garin Teruwel na ƙasar Sifen a 1871, ya yi aiki a Barsalona, ya yi a Paris, sannan ya zo nan a 1912 neman abincinsa. Shi ne gwanin dabarun hoto. Aman wutar Etna da ya firgita 'yan kallo, da jiragen da suka ci wuta a teku, ba dutse ba ne, ba teku ba ce. Ƙananan abubuwa ne da aka ƙera da hannu, aka kunna musu wuta da hayaƙi, aka ɗauka da hikima har ido ya gaskata. Babu kwamfuta, babu gyara bayan an gama. In wuta ta ci abin kafin hoto ya ɗauku yadda ake so, sai a koma wurin kafinta a sake ƙerawa.

Ita kanta kyamarar ba inji ke juya ta ba. Mutum ne ke riƙe da mariƙi yana murzawa da hannu, wajen hoto 16 a kowace daƙiƙa, ba sauri ba nawa. In hannunsa ya gaji ya rage, sai mutanen cikin fim su riƙa gudu kamar an koro su. In ya ƙara, sai su koma tafiyar hawainiya. Akwai Augusto Battagliotti, akwai Natale Chiusano, akwai Giovanni Tomatis, akwai Carlo Franzeri. Na faɗi sunayensu ne da gangan a wannan zaure, don su ne suka tsaya cikin ƙanƙarar tsaunukan da muke hangowa daga nan, suka tsaya cikin ranar Tunisiya, hannu na juyawa.

Akwai wata dabara da wannan fim ya yi suna da ita. A da, ana kafa kyamara ne wuri guda kamar an dasa bishiya, 'yan wasa su shigo su fita a gabanta. Pastrone ya ɗora ta a kan abin turawa mai ƙafafu, har ya yi rajistar dabarar da sunansa a 1912, aka riƙa tura ta a hankali tana kutsawa cikin fada da ɗakin bauta, mai kallo ya ji kamar shi ne ke takawa a ciki. Kun san yadda suke kiran abin? Karello. Sunan keken da muke turawa a kantin sayayya, sunan amalanken da da yawa daga cikinmu muka tura a kasuwa da ma'ajiyar kaya. Duk fim ɗin da kuka gani yau kyamara na bin mutum a baya, yana da alaƙa da wancan turawa da aka yi a nan Torino, a tsallaken kogin Po. An rubuta sunan wanda ya yi rajistar dabarar. Wanda ya sa ƙirji ya tura, ya daidaita numfashinsa don kada hoto ya girgiza, shi kam ya tafi da sunansa.

Haka kafintoci da magina da masu fenti da suka gina ƙofar ɗakin gunki da matakalansa a tsaye, a lokacin da wasu kamfanoni ke zana fada a jikin ƙyalle su rataya. Haka teloli da suka ɗinka wa ɗaruruwan mutane sutura. Haka waɗanda suka rina fim ɗin, domin ba fari da baƙi kawai ake nuna shi ba: ana tsoma zaren fim cikin ruwan rini, ja don wuta, shuɗi don dare, kamar yadda ake tsoma ƙyalle a marinar Ƙofar Mata. A masana'antun fim na wancan zamani mata ne suka fi yin aikin yankawa da liƙawa da sa launi. Haka tarin jama'ar da aka ɗebo don su zama sojoji da bayi da masu bauta, a biya su na yini su watse. An kashe wajen lira miliyan ɗaya a kan aikin. An fara nuna shi a gidan wasa na Vittorio Emanuele, inda zauren kiɗa na Rai, gidan rediyo da talabijin na Italiya, yake yanzu, taku kaɗan daga Mole. Ya ƙetara teku har aka nuna wa shugaban Amurka Woodrow Wilson a Fadar White House a watan Yunin shekarar.

Yanzu bari in dawo kan tambayar 'yata, don nan ne zuciyata take.

Mutumin da ke juya dutsen niƙa sunansa Bartolomeo Pagano. An haife shi a 1878 a gefen Jenoba. Kafin wannan fim bai taɓa yin wasa ba. Ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Mutanen Jenoba suna kiran ɗan dakon tasha kamallo, kuma kalmar daga Larabci ta samo asali, hammal, mai ɗaukar kaya. Malam zai tabbatar mana. Da na karanta wannan sai da na ajiye takardar na yi shiru, domin shekaruna huɗu na farko a ƙasar nan dako na yi. Ƙarfe huɗu na asuba ina bakin babbar mota, sanyi na cin yatsu ta cikin safar hannu, akwatunan lemo da dankali na saukowa ɗaya bayan ɗaya, kafaɗar dama ta yi kanta har ba na jin zafin katako. Na san yadda ɗan dako ke lanƙwasa gwiwa kafin ya ɗaga abu, ba ya ɗagawa da baya. Da na koma na kalli fim ɗin a gida daga farko har ƙarshe, sai na ga wannan lanƙwasawar a jikinsa. Sauran 'yan wasan suna ta watsa hannuwa sama suna zare ido irin na dandamali, shi kuwa yana tafiya kamar mutumin da ya saba da nauyi, yana murmushi kamar wanda ba a koya wa ba. Shi ya sa 'yan kallo suka so shi fiye da jarumin da aka shirya domin a so, Umberto Mozzato, wanda ya fito a matsayin Barumen nan ɗan leƙen asiri. Ranar ɗan dako ya sha gaban ƙwararru.

Amma a cikin labarin, Maciste bawa ne ɗan Afirka. Sai aka ɗauko Bature aka shafe masa jiki da baƙin shafi daga fuska har ƙafa. Amsar tambayar 'yata ke nan: fari ne aka rina. Kuma ku lura da abin da ya biyo baya. Da aka ga jama'a sun kamu da sonsa, daga 1915 aka fara yi masa finafinai nasa na kansa, fiye da ashirin, har wajen ƙarshen shekarun 1920. A cikinsu an wanke shafin. Ya zama Ba'italiye sak, har sojan tsauni ya fito a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sunan ya shiga harshensu, har gobe in suka ga ƙato mai ƙarfi sai su ce wannan maciste ne. Ƙarfin ya zauna, sunan ya zauna, baƙar fatar ce kawai aka cire da zarar ta zama abin alfahari.

Ba na zargin Pagano. Talaka ne da aka miƙa wa aiki ya yi shi da gaskiya, ya koma garinsu ya rasu a 1947 bayan ciwon gaɓoɓi ya zaunar da shi. Ina jin shi a jikina kamar abokin aiki. Abin da nake so 'ya'yanmu su gane shi ne lokacin da aka yi fim ɗin. A watan Satumba na 1911 Italiya ta ɗaura yaƙi da Daular Usmaniyya, a Oktoba ta mamaye Tarabulus, a 1912 Libiya ta faɗa hannunta. A 1913 ake ɗaukar wannan fim, inda Rumawa ke ƙetara teku su ci Arewacin Afirka, mutanen can kuma aka nuna su suna jefa yara a wuta, ɗan Afirka na kirki kuwa shi ne bawan da ke biyayya ga ubangidansa Barume. Wanda ya zauna a gidan wasa a 1914 ya san abin da ake faɗa masa ba sai an yi magana ba. Tarabulus ɗin nan kuwa ba baƙon gari ba ne a wurinmu. Nan ayarin raƙuma ke tasowa ya bi ta Gadamas da Gat, ya sauka Agadas da Damagaram, ya sauke kaya a Kano, inda har yau akwai unguwar Dandalin Turawa, wadda Larabawan can suka zauna a cikinta. Akwai kuma 'yan uwa a wannan zaure da suka bi hanyar nan a juye, da ƙafarsu, suka ga abin da suka gani kafin su iso. Allah ya jiƙan waɗanda suka rage a hanya.

Matan fim ɗin ma ba su daɗe ba. Lidia Quaranta, wadda ta fito a matsayin Kabiriya bayan ta girma, 'yar Torino ce, ta rasu a 1928 ba ta kai shekara arba'in ba. Italia Almirante Manzini, wadda ta yi gimbiya Sofonisba, ta ƙare rayuwarta a Birazil a 1941, ita ma a baƙunci. Chomón ya rasu a Paris a 1929. Pastrone ya bar harkar fim tun da sauran ƙarfinsa, ya rayu har 1959.

Kuna iya tambaya ta yaya ni, tsohon ɗan dako, na samu waɗannan sunaye bayan shekara fiye da ɗari. Saboda mace ɗaya ce. Sunanta Maria Adriana Prolo, malamar tarihi. A 1941, ana tsakiyar yaƙi, kowa na ta kansa, ita kuwa ta fara bin gidajen tsofaffin ma'aikatan fim na Torino tana tambayarsu, tana karɓar hotuna da takardu da tsofaffin na'urori, tana bin kasuwar gwanjo tana sayen abin da mutane suka ɗauka shara ne. Ta samu Pastrone da ransa ta zauna da shi. Abin da ta tara shi ne ya zama gidan tarihin da aka buɗe a 1958, wanda ya koma cikin Mole a shekara ta 2000, bayan rasuwarta da shekara tara. Da kayan wannan gida aka gyara fim ɗin aka sake nuna shi a 2006. Zaren fim na wancan zamani yana ruɓewa, yana kuma kama wuta da kansa, shi ya sa mafi yawan finafinai marasa murya sun salwanta. Wannan ya tsira, sunayen da ta iske sun tsira. Waɗanda ta makara ba ta iske ba, irin mai tura karello, sun tafi.

Ranka ya daɗe, a nan nake neman alfarma. Wannan ƙungiya tana da nata ma'aikatan bayan fage. Akwai waɗanda suka fara isowa garin nan babu wanda ya tare su, suka kwana a tashar jirgin ƙasa, daga baya ɗakinsu ya zama masaukin duk wanda ya sauka. Akwai waɗanda suka yi karo-karo na farko don a kai gawar ɗan uwa gida. Akwai matar da ta yi shekaru tana dafa abincin suna da na buɗa-baki ba ta taɓa karɓar ko santi ba. Na duba bidiyon hawan sallarmu na bara da aka sa a YouTube. Sunayen manyan baƙi suna nan a jere da muƙamansu. Yaron da ya riƙe kyamara tun safe har la'asar, da ƙanwarsa da ta kwana uku tana tace hoton, da samarin da suka ɗauko kujeru ɗari biyu suka mayar, babu ko ɗaya. Ni ina cikin kwamitin da ya amince da bidiyon, ban lura ba sai yanzu, kuma ina neman afuwarsu a gaban kowa.

Na yi magana da Sakatare, ya sayo babban littafi mai bango mai kauri, yana kan teburin bakin ƙofa. Muna roƙon duk wanda ya iso ƙasar nan kafin shekara ta 2000 ya tsaya kafin ya fita, ya faɗi shekarar da ya zo, da wanda ya sauke shi, da aikin da ya fara yi. Wanda ba ya son a rubuta wani abu, ba dole. Wanda rubutu ke ba shi wahala, 'yan matanmu biyu za su zauna su rubuta masa, da boko ko da ajami, yadda ya fi so. Iyayenmu mata, ku ne kuka fi riƙe sunayen waɗanda suka rasu, don Allah kada ku wuce teburin. Masu tsofaffin hotuna da kaset na biki da suna a cikin akwati, ku kawo su taro mai zuwa a kwafa a mayar muku da abinku. Daga bidiyon bana kuma, ku samari masu ɗauka, ku sa sunayenku a ƙarshe, da na masu girki, da na masu shara, kowa da aikinsa.

Za mu sake kai yara Mole ranar Asabar ta biyu a wata mai kamawa, mu haɗu a bakin ƙofa ƙarfe goma na safe. Ma'aji na karɓar sunayen masu zuwa. Ina roƙon wannan karon iyaye maza su fito da yawa, musamman abokan aikina na dako, domin akwai wurin da Pagano ke ɗaga kaya da nake so mu tsaya mu kalla tare.

Na gode da haƙurinku. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.